Ɗaurin da Inna Ba Ta Rufewa

A gidanmu na Karaye, hantsi ne lokacin jar tawada. Maza sun tafi gona, kakana Malam ya fita zaure wajen ɗalibansa, tsakar gida ta yi tsit sai kaji da inuwar darbejiya. A lokacin ne kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, take jawo tabarma zuwa bakin ƙofar ɗakinta, inda haske yake sauka ta kafaɗarta ta hagu, ta ɗauko takardun da Malam ya rubuta jiya.

Malam yana tsara waƙoƙi da ajami, yawanci da Hausa, wani lokaci ya sako Fulatanci idan zancen shanu ya taso. Da baƙar tawada yake rubutu, kuma baƙaƙe kawai yake jerawa, da sauri, kamar wanda ake kora. Sauran aikin na ja ne: wasalin bisa, wasalin ƙasa, rufu'a, sai kuma ɗauri, wato ɗan zoben nan da ake ɗora wa harafin da ba shi da wasali, inda harshe yake tsayawa kafin ya wuce. Idan babu jan, waƙar tana nan a takarda, amma wanda bai taɓa jin ta ba sai ya yi ta lalube.

Ina da shekara shida ko bakwai lokacin da na fara zama kusa da ita ina riƙe mata kurtun tawada. Ita take haɗa tawadarta da kanta, jar garura ta rini da ƙaro da ɗan ruwa, ta bar ta ta kwana. Takan fere alƙalamin gamba har bakinsa ya yi kamar ƙaya. Wasulla ba sa ɗaukar ta lokaci, ɗan ja ne kawai. Amma idan ta zo kan ɗauri sai ta ja numfashi ta riƙe, ta kewaya da alƙalamin sau ɗaya, ta ɗaga kafin bakin zoben ya haɗu. Kullum akwai 'yar kafa a samansa, wadda ba ta fi tsinin allura ba.

Wata rana na ce, “Inna, zobenki bai rufe ba.”

“Ke kika aike ni in rufe shi?”

“Na littafinmu a rufe yake.”

“Na littafinku inji ne ya yi, shi ba ya numfashi.” Ta tsoma alƙalami. “Duba nan, ƙawata. In bakin ya haɗu tawadar tana ɗanya, sai ta malale ta cike cikin, ya tashi daga zobe ya koma ɗigo. Ka bar masa taga ya sha iska.”

Na daɗe ina ɗaukar maganar nan da gaske. Nakan kalli takarda in ga haruffa zaune a ƙananan ɗakuna ja, kowa da tagarsa a buɗe.

A waje kowa ya san jan Malam. Malamai kan zo daga garuruwan Turawa da Kwanyawa da ke kusa da mu su karɓi aron takardunsa, su dawo suna yabon tsabtar wasalinsa. Shi sai ya yi hamdala, in sun tafi ya shigo cikin gida ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, “Yau ma an yabe ni a kan abin da ban yi ba.” Ita kuma ta ce, “Sai ka riƙe, ai ba nauyi.” Tun tana amarya ya gane hannunta ya fi nasa natsuwa, da ya ga zanen da take wa ƙwarya. 'Yar malamai ce daga Turawa, ta iya karatu tun tana gidansu. Ya miƙa mata jan, bai sake karɓa ba. Sharaɗinta ɗaya ne: kada sunanta ya shiga bakin maza a zaure. Har 'ya'yanta suka girma suna tsammanin haɗa tawada kawai take yi, don duk lokacin da take aikin suna gona ko makaranta. Ni kaɗai na sani, saboda ni ce yarinyar da ba ta son fita wasa. Ta kuwa ja mini kunne. “Abin da ido ya gani a tabarmar nan, a tabarmar nan yake kwana.”

Na girma, na tafi jami'a a birni, na karanci ilimin harsuna. A shekarar farko aka koya mana tsarin rubutun al'ummomi. Malamin ya zana harafin “a” a allo, ya ɗora masa ɗan zobe, ya ce haka mutanen Suwidin da Norwe da Danmak suke yi, kuma a wurinsu harafi ne mai zaman kansa. Mutanen Cek kuwa a kan “u” suke ɗora nasu. A rubutun Japan akwai ɗan zobe da ake maƙalawa a kafaɗar harafi, sai sautin da yake fita da iska ya koma wanda leɓɓa suke haɗuwa a kansa. Masu nazarin furuci kuma sukan sa shi a ƙarƙashin harafi, don a san sautin maras ziza ne, wato ba ya kaɗa maƙogwaro. 'Yan aji suna ta rubutawa, ni kuwa ƙamshin ƙaro nake ji. Na ga kamar ɗan zoben nan ya yi yawon duniya ya gaji, ya zo ya zauna a tabarmar Inna.

Da na dawo hutu na ba ta labari tana tsince shinkafa.

“Su ma can sun san ɗauri?”

“Zoben dai ɗaya ne, Inna, amma nasu ba tsayar da harshe yake ba. Sauya muryar harafin yake.”

“To na ado ne ke nan.”

“Akwai ma masu sa shi a ƙasan harafi.”

“A ƙasa? Munduwar ƙafa!” Ta yi dariya har ta ajiye faifan. “Rufewa suke yi ko suna bari?”

“Rufewa suke.”

“Allah sarki. Ƙasar sanyi ce, dole su rufe taga.”

Malam ya rasu ina shekara ta biyu a jami'a, cikin bazara, kafin ruwan farko. Ya bar wata doguwar waƙa da ya daɗe yana tsarawa, ta tarihin gidanmu: yadda kakanninsa suka zo da shanu, rijiyoyin da suka sha, shekarar da suka fara kafa rumbu suka daina tashi. Baƙin ya kammala har ƙarshe. Jan kuwa saura warƙa, wato ganyen takarda, goma sha huɗu. Inna ta shiga takaba, ta nannaɗe takardun ta sa a gafaka, jakar fatar littattafansa. Kafin ta fita takaba farar yana ta fara rufe mata ido, na dama da farko, sannan na hagu ya biyo. Hannunta lafiya lau. Idon ne ba ya nuna mata inda za ta sauke alƙalami.

Daminar shekarar da ta biyo baya na zo dogon hutu. Kwana biyu da zuwana Baffa, yayan mahaifina, wanda gidan ya koma hannunsa, ya shigo gaishe ta bayan la'asar. Ya durƙusa, suka gaisa, ya tambayi ido, ta ce da sauƙi. Sai ya kawo maganar.

“Inna, waƙar nan ta Malam. Bai kamata ta zauna haka ba a ƙarasa ba. Na yi magana da amininsa na Rogo. Ya ce in an gama girbin gero in kai masa, zai ƙarasa jan da hannunsa, ya sa a yi mata tadarishi, wato bango na fata. Daga nan sai a buga kwafi, kowane gida ya samu.”

Inna ta hau murza bakin zaninta.

“Ko da magana, Inna?”

“Babu. Allah ya yi albarka. Ka yi tunani mai kyau.”

Ya tashi yana jin daɗi. Gaskiya ne, tunani mai kyau ya yi. Bai san abin da ya ɗauke mata ba.

Da ya fita na ce, “Inna, ki gaya masa mana.”

“In ce me? In ce shekara hamsin da ɗoriya ubansa yana karɓar yabon da ba nasa ba? Yana kwance ba ya iya ba da amsa?”

“Ai Malam bai taɓa ɓoyewa don kansa ba. Ke kika hana.”

“To har yanzu na hana.” Ta juya fuskarta wajen ƙofa, inda haske yake. Can ta ce, a hankali, “Duk abin da ya rubuta tun da na shigo gidan nan, ni na bi bayansa. Ba warƙa ɗaya da ta fita ba ta bi ta hannuna ba. Sai ta ƙarshe ce za a kai wa wani.”

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata buta.

Abin da na yi bayan nan, har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni. Na iya karanta ajami, na kuma sha jin waƙar a bakin Malam. Ina da wani jan biro mai siririn baki da na saya a birni don gyaran aikin makaranta. Sai na yi tunanin in na ƙarasa jan a ɓoye, ba sai an kai Rogo a ƙarasa ba, aikin ya tsaya a cikin gida, hankalin Inna ya kwanta. Ranar da aka tafi da ita bikin suna a Kwanyawa na buɗe gafakar, na zauna a wurinta a bakin ƙofa, na cika warƙa guda gaba da baya. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Zobbana suka fito daidai wa daida, a rufe ruf, kamar an auna. Na mayar da takardun ina jin kamar na share mata ɗaki kafin ta dawo.

Washegari da hantsi ta ce in ɗauko mata gafakar. Ashe kullum takan yi haka ko ba ta gani. Takan bi warƙoƙin da ta gama da kan yatsa, domin tawadar ƙaro in ta bushe tana ɗan tasowa, ana jin ta kamar ƙwayar yashi. Ta bi, ta bi, tana motsa leɓe, har ta zo inda ta tsaya. Ta juya warƙa ta gaba. Yatsanta ya tsaya. Biro ba ya tasowa, kwarmi yake bari. Ta ɗaga takardar ta kai ta dab da idonta na hagu, ta karkata ta wajen haske.

“Wa ya shigo mini?”

“Ni ce, Inna. Na ga kamar...”

“Da me?”

Na miƙa mata biron. Ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta mayar mini.

“Hannunki da kyau,” ta ce. “Saura goma sha uku ke nan. Ki ƙarasa mana, tun da sauri ake.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ran nan ba ta kira ni ƙawata ba. Da azahar na kai mata abinci ta ce in ajiye. Na zauna a gindin darbejiya ina kallon tururuwa. Sai a lokacin na fahimci cewa ba kai takardun Rogo ne ya dame ta ba. Ko a Rogo ko a gida, in ba hannunta ba ne, duk ɗaya ne. Na yi mata abin da Baffa zai yi mata, sai dai shi ya nemi izini.

Kwana biyu muna gaisuwa kawai. A rana ta uku ina shara, tsinke ya zare daga tsintsiya. Na ɗauka zan yar, sai na tsaya. A makarantar allo da tsinke ake nuna wa mai koyo harafi. Na wanke shi, na je na durƙusa a ƙofarta.

“Inna, ki yafe mini.”

“Na yafe tun shekaranjiya. Fushin ne bai gama fita ba.”

“Ina da wata shawara.”

“Ta biro ce?”

“Ta tsintsiya ce.”

Ta juyo. Na ce mata ni zan zama idon, ita hannun. Zan ɗora bakin tsinke daidai inda alama za ta zauna. Ita kuma ta bi tsinken da yatsanta na hagu har ƙasa, ta kawo alƙalami wurin, in janye, ta zana.

“In na ɓata masa takarda fa?”

“Mu gwada a wata.”

Ta gyara zama. Sannan ta ce, “Duba cikin tasar nan ta bayan gado, akwai sauran ƙaro. Garurar tana ƙulle a leda.”

Muka jiƙa tawada ta kwana. Da hantsi na yago takarda daga littafina na makaranta, na rubuta baƙaƙe manya. Zoben farko ya faɗa kan harafin maƙwabci. Na biyu ya yi tsawo kamar ƙwai. Ta ce tsinkena ne yake rawa, na ce alƙalaminta ne. Ta ce ita da alƙalami sun san juna tun ba a haifi ubana ba. Muka yi ta yi har rana ta take. Wajen na talatin, sai ga shi ya fito: ɗan ƙarami, zagayayye, da 'yar kafarsa a sama. Na ce, “Inna, ga shi!” Ta jira ya bushe, ta taɓa, ta ce, “Shi ne. Ashe yana nan.”

Haka muka shiga warƙoƙin Malam. Ba na karanta mata komai, ita take rera baitin a ƙasan murya, don duk waƙar tana kanta. Ni dai ina bin baƙaƙen da tsinke. In an zo ɗauri sai in ji ta ja numfashi, ni ma in riƙe nawa ban sani ba. Aikin da a da take gamawa a hantsi ɗaya, yanzu sai ya ci mana kwana uku ko huɗu. In hadari ya taso haske ya ragu, sai mu naɗe. In baƙuwa ta yi sallama, sai mu rufe da faifai mu jawo gyaɗa muna ɓarewa. Matan gidan sun gani, amma ba wadda ta ce uffan. Sun ɗauka ni ce nake koyon wani abu na makaranta.

Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar baiti ta ba ni labarinsa. Rijiyar da aka ambata a nan, ta ce, ta gan ta da idonta tana yarinya, ruwanta da ɗan gishiri-gishiri. Saniyar da ya yaba a can kuwa ba ta kakansa ba ce, tata ce da ta zo da ita gidan, ya ara ya sa a waƙa. “Mai son a yabi danginsa,” ta ce, tana murmushi. Na lura ba ta taɓa kiran sa marigayi in muna kan tabarmar. “Ga shi nan ya sake cusa haruffa wuri ɗaya,” takan ce. “Ina yake so in sa zoben, a kansa?”

Gero kuwa ba ya jiran kowa. Muna kallo ta saman katanga ya fitar da kai, ya yi fure, ya nuna. Aka fara girbi muna da saura warƙa biyar. Aka fara ɗaure dammuna muna da saura uku. Inna ta fara cewa mu ƙara da yamma, amma hasken yamma ba ya yi mata, kuma bayanta yana ciwo. Ranar wata Laraba Baffa ya leƙo ya ce jibi zai shiga Rogo, a fito masa da gafakar. Inna ta ce to.

Da ya tafi na ce, “Kwana biyu ba za su ishe mu ba.”

“Na iya lissafi.”

“Bari in roƙe shi ya ƙara mako biyu. Ba sai na faɗi dalili ba.”

“Sai ya tambaya. In ya tambaya kuma ƙarya za ki yi masa ko gaskiya? Duk biyun ban yarda ba. Kawo tsinkenki. Inda muka kai, nan Allah ya nufa.”

Ranar Alhamis da hantsi muna tsakiyar aiki, na sunkuya da tsinke, ita ta riƙe numfashi, sai inuwa ta faɗo kan takardar. Baffa ne. Igiyar ɗaurin dami ce ta ƙare musu a gona ya dawo ɗauka, ya yi sallama ba mu ji ba. Na kai hannu zan jawo faifai. Inna ta ce, “Kada ki motsa, zai ɓaci.” Ta kewaya da alƙalamin, ta ɗaga, ta saki numfashi. Sannan ta amsa sallamar.

Baffa ya durƙusa a gefen tabarma. Ya dubi zoben da bai bushe ba. Ya jawo wata warƙa daga cikin na farko, waɗanda aka gama tun Malam yana raye, ya ajiye kusa da ita. Ya daɗe yana duban wannan, yana duban waccan.

“Inna,” ya ce. “Ashe ke ce?”

“Da wa kake tsammani? Aljanu?”

“Duka? Har na da?”

“Ka taɓa ganin jar tawada a yatsan ubanka?”

Na ga yana tunani, yana komawa baya shekara da shekaru yana duba hannun mahaifinsa. Sai ya dubi na mahaifiyarsa, inda gefen ɗan yatsanta ya rine tun kafin a haife ni.

“Ni na ɗauka lalle ne,” ya ce.

Inna ta yi dariya, shi ma ya yi, amma ya sa bakin rigarsa ya goge ido.

“Me ya sa ba ki faɗa ba ranar da na zo da maganar Rogo?”

“Ka zo da magana mai kyau. Kuma ba na son surutu a zaure.”

“Saura nawa?”

“Biyu da rabi,” na ce.

“Kwana nawa?”

“In ba hadari, goma.”

“Ku ɗauki wata guda. Rogo ba tashi za ta yi ba.” Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. “Inna, hasken nan ya ishe ki? In sare reshen nan?”

“Ka taɓa mini darbejiya ka gani. Ɗauki igiyarka ka tafi, ka tsaya mini a haske.”

Kwana goma sha biyu muka ƙara. A ranar ƙarshe ta zana ɗaurin ƙarshe. Ta goge bakin alƙalamin da tsumma, ta zuba ruwa a kurtun ta ɗauraye, ta watsa a gindin bishiya. Ƙasar wurin ta yi ja na ɗan lokaci.

Na ce mata akwai sauran abu ɗaya: warƙar da na ɓata. Baffa zai iya sa a kwafe baƙin a sabuwar takarda, ita ta sa jan.

“A cire rubutun Malam saboda naki? A'a. Bar ta. A san kin zo.”

Baffa ya so a rubuta sunanta a ƙarshe, ƙarƙashin na Malam. Ta ce in ya yi haka ba ta yafe ba. Sai aka bari.

Ni na raka shi Rogo kai takardun a yi musu tadarishi. Aminin Malam tsoho ne ƙwarai, siriri, yana zaune a kan buzu a zaurensa. Muka gaisa, ya yi wa Malam addu'a, ya tambayi Inna da idonta. Baffa ya ce masa an riga an ƙarasa jan a gida, bai ƙara komai ba. Tsohon ya karɓa, ya sa tabarau, ya fara juyawa a hankali. Da ya zo warƙoƙin ƙarshe sai ya matso da su kusa. Zobban nan sun fi na farko girma, wasu sun ɗan karkata, amma kowanne da kafarsa a sama.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Dama nauyin abin nake ji tun da ka zo mini da maganar. Na rasa yadda zan ce maka a'a.”

Baffa ya ce, “Malam, ka sani ke nan?”

“Tare muka yi karatu da mahaifinka. Ɗaurinsa kamar kashin akuya yake, a cike, ba ciki ba waje. Ya yi aure, ko wata uku ba a yi ba, sai ga wannan.” Ya ɗora yatsa a gefen wani zobe. “Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba. Ka gaishe ta. Ka ce mata mai karatu ya gode.”

Ya koma baya yana ƙirga warƙoƙi, sai ya tsaya a tawa. Ya ɗaga tabarau, ya dube ta, ya dube ni ta saman gilashin.

“Wannan kuma 'yar boko ce ta ratsa.”

Na sunkuyar da kai. Baffa yana ta dariya.

“Ba laifi,” tsohon ya ce. “Ba kuskure a ciki. Sai dai kin matse su da yawa, jikata.”

Da muka dawo na ba Inna labari tun daga sallama har sallama. Da na zo kan kashin akuya ta yi dariya har da tari. Da na faɗi saƙonsa kuwa sai ta gyara ɗankwalinta, ta ce, “Shi ma da surutu.” Amma da yamma ta sa na maimaita mata.

An buga kwafin, kowane gida ya samu. A kwafin jan ya koma baƙi, 'yar kafar ma sai an ƙura ido ake ganin ta. Ta asalin tana wurin Inna, a cikin gafaka, a bayan gado. Yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Duk hutun da na zo, da hantsi takan ce in ɗauko mata. Ta bi warƙoƙin da yatsa tana motsa leɓe, ni kuma ina gefe ina tsince mata shinkafa. In ta zo kan tawa nakan gane, don yatsan yakan rage sauri, ya shiga kwarmin biron yana lalube.

“Ga ki nan,” takan ce. Sai ta juya warƙa.